Tokar Tuƙar Rake A Aikin Hanya Da Gini: Inda Ribar Take Da Inda Ba Ta

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2024 farashin buhun siminti mai nauyin kilo 50 ya haura Naira 10,000 a kasuwanni da dama na ƙasar nan, har ta kai Ministan Ayyuka, Injiniya David Umahi, ya gana da manyan kamfanonin siminti a Abuja, inda aka amince a riƙa sayar da buhu tsakanin Naira 7,000 da Naira 8,000. Tun daga wancan lokaci duk wata dabara da aka ce za ta rage yawan simintin da ake zubawa a aiki ta zama abin kasa kunne ga ʼyan kwangila da masu gina gidaje. Ɗaya daga cikin dabarun da ake yawan ambatawa ita ce ta cuɗa tokar tuƙar rake da ƙasa domin ƙasar ta yi ƙarfi kafin a shimfiɗa hanya ko a aza gini a kanta.

Maganar tana da tushe, domin injiniyoyi sun daɗe suna gwada ta a Burazil da Indiya da kuma nan Nijeriya. Sai dai kuma yadda ake baza ta a bakin jama'a, wato wai ga shara ta banza da za ta maye gurbin siminti, ya wuce abin da gwaje-gwajen suka nuna. Tokar mataimakiya ce, ba ta tsayawa da ƙafarta, kuma ribarta ta dogara ne kan nisan da ke tsakanin masana'antar sukari da wurin aiki.

Tuƙa dai ita ce abin da ya rage bayan an matse ruwan rake, ko da haƙori ko da inji. A masana'antar sukari, kowane tan ɗaya na rake da aka matse yakan bar kimanin kilo 250 zuwa 300 na tuƙa, wadda kusan rabin nauyinta ruwa ne. Ba a zubar da ita. Ita ce makamashin masana'antar, da ita ake hura manyan tukwanen da ke samar da tururi da wutar lantarkin da injuna ke aiki da su, har ma a ƙasashe irin su Burazil da tsibirin Morishas akan sayar wa jama'a rarar wutar. Abin da ke saura bayan ƙonewar shi ne tokar da ake magana a kai, kuma ba ta da yawa: a ƙiyasin da aka fi amfani da shi, kimanin kilo 6 ne daga kowane tan na rake. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin a kansa lissafin kasuwancin gaba ɗaya ya rataya.

Abin da ya ba tokar daraja shi ne silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Rake yana zuƙo silika daga ƙasa yana tara ta a jikinsa, kamar yadda shinkafa ke tara ta a ɓuntunta, kuma idan an ƙone tuƙa sai silikar ta rage a cikin toka, galibi fiye da rabin nauyin tokar. Silika ita kaɗai ba ta ɗaure komai. Ko an kwaɓa tokar da ruwa an bar ta wata guda, toka za a tarar. Amma idan ta haɗu da ruwa da kuma ƙonanniyar farar ƙasa, wadda injiniyoyi ke kira laim, sai su narke cikin juna sannu a hankali su haifar da wani danƙo mai sandarewa, irin wanda ke ba siminti ƙarfinsa. Shi kansa siminti idan aka kwaɓa shi yakan saki wani kaso na laim da ba ya ƙara wa aiki ƙarfi, to wannan rarar ce tokar ke kamawa ta mayar da ita abin amfani. Duk wani gari mai wannan hali ana kiransa fozolana, sunan da ya samo asali daga garin Pozzuoli na ƙasar Italiya, inda Rumawa suka riƙa ɗibar tokar dutse mai aman wuta suna haɗa ta da laim. Wasu gine-ginen da suka yi da irin wannan kwaɓi suna tsaye har yau, bayan kusan shekaru 1,900.

Magina na gargajiya a Kano da Zariya ba za su ji wannan a matsayin baƙon labari ba. Laso, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ya yi yoyo, ana yin sa ne da katsi, wato gurɓin da ake kwasowa daga ƙasan rijiyar marina a busar a ƙone, sannan a haɗa da gashin jima da dafara. Toka a aikin gini tsohuwar sana'a ce. Abin da zamani ya ƙara shi ne awo.

To wace irin ƙasa ce ke bukatar gyara? Iri biyu ne suka fi damun injiniyoyin hanya a Nijeriya. Ta farko ita ce jar ƙasa, wadda ake samu a mafi yawan sassan ƙasar nan kuma da ita ake cike yawancin hanyoyi. Mai kyau daga cikinta, wadda ke da tsakuwa, ba ta bukatar komai sai daɓe, amma irin wannan tana ƙara wuyar samu kusa da manyan garuruwa, abin da ya rage kuwa mai yumɓu ce da ke laushi da zarar ta sha ruwa. Ta biyu, wadda ta fi muni nesa ba kusa ba, ita ce baƙar lakar arewa maso gabas, wadda ake kira firgi a Barno, Fulani kuma suke ce mata karal. An ƙiyasta ta mamaye kimanin murabba'in kilomita 104,000 a yankin tafkin Chadi da kwarin Binuwai da Gongola. Manomi yana son ta, domin tana riƙe danshi har a noma masakwa a kanta bayan ɗaukewar ruwan sama. Magini kuwa ba ya ƙaunar ganinta. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsuke ta dare har mutum ya iya zura hannu a cikin tsagar, kuma duk abin da aka aza mata, kwalta ne ko harsashin ɗaki ko kwalbati, haka zai riƙa hawa da sauka tare da ita shekara da shekaru har ya farfashe. Hanyar Gombe zuwa Yola, musamman tsakanin Cham da Numan, da hanyar Maiduguri zuwa Dikwa da Gamborun Ngala duk sun ratsa irin wannan ƙasa, kuma direbobin da suka yi shekaru suna bin su sun san abin da take yi wa kwalta.

Abin da aka saba yi idan hanya ta zo kan firgi shi ne a kwashe ta a zubar, a ɗebo jar ƙasa daga wani wuri a cike gurbin. A yankin da jar ƙasa ke kusa wannan ba matsala ba ce. A yankin tafkin Chadi kuwa tifa na iya yin tafiyar kilomita masu yawa kafin ta kai ramin da ake ɗiba, ga shi litar man gas ta haura Naira 1,000 tun cikin shekarar 2023. Wannan ne ya sa tunanin gyara ƙasar a inda take, maimakon musanya ta, yake da ma'ana ta fuskar kuɗi.

Injiniyoyi suna auna ƙarfin ƙasar hanya da wani gwaji da ake kira CBR, wanda hukumar hanyoyi ta jihar Kalifoniya a Amurka ta ƙirƙiro. Ana danna wani ƙarfe a cikin ƙasar da aka daɓe, a kwatanta ƙarfin da ta nuna da na niƙaƙƙen dutse, wanda aka ba maki 100. Kundin ƙa'idojin hanyoyi da gadoji na Gwamnatin Tarayya na shekarar 1997 ya nemi maki 30 ga shimfiɗar tsakiya, maki 80 ga shimfiɗar sama wadda kwalta ke hawa kanta, idan kuwa da siminti aka ƙarfafa ƙasar, maki 180 ake nema. Firgi da aka jiƙa sau da yawa ba ta kai maki 5 ba. Tazarar da ake son cikewa ke nan.

A Nijeriya, sashen koyar da injiniyan gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ne ya fi yin fice a wannan bincike, ƙarƙashin Farfesa Kolawole Osinubi da ɗalibansa. Wani aikinsu da aka buga a shekarar 2009 ya gwada tokar tuƙar rake ita kaɗai a kan jar ƙasa, kuma sakamakon bai yi wa masu zumuɗi daɗi ba: ƙarfin ƙasar ya ƙaru, amma ya tsaya can ƙasa da abin da ƙa'ida ta nema, saboda haka suka yanke cewa tokar ba za ta iya aikin ita kaɗai ba, sai dai a haɗa ta da siminti ko laim. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, a nan gida da waje, a kan jar ƙasa da baƙar laka, sun tafi a kan wannan turba. Idan an haɗa tokar da laim ko siminti, danƙon ƙasar yana raguwa, kumburinta yana sauka ƙwarai, ƙarfinta kuma yana ci gaba da hawa daga kwana 7 zuwa 14 zuwa 28, har bayan nan. Akwai kuma iyaka. Yawanci amfanin yana ƙaruwa ne har tokar ta kai wani ɗan kaso na nauyin ƙasar, sau da yawa ƙasa da kashi 10 cikin 100, daga nan duk abin da aka ƙara sai ya zama ciko mara ƙarfi, domin babu sauran laim da zai kama shi. Wanda ya ga toka ta banza ce ya yi ta labtawa, raunana hanyarsa yake yi.

A kan baƙar laka musamman, laim ya fi siminti dacewa. Da zarar an cuɗa shi da lakar, cikin sa'o'i kaɗan take sauya hali, ta daina kama shebur, ta zama ɓarɓashi mai daɗin daɓewa. Daga baya ne tokar ke shigowa da nata aikin na ɗaurewa a hankali. Matsalar ita ce laim na aikin hanya ba ya wadata a kasuwannin ƙasar nan kamar siminti, duk da yawan dutsen da ake yin sa da shi. Wannan ya sa wasu masu bincike suka juya ga farin dagwalon da masu walda da kabaid ke zubarwa a bayan rumfunansu, wanda shi ma laim ne a zahiri. A ɗakin gwaji haɗin yana aiki. Tara abin da zai ishi kilomita guda daga rumfa zuwa rumfa kuwa wani zance ne dabam.

A nan ne gizo ke saƙa: tokar da ake gwadawa a jami'a da wadda ake tarawa a bayan masana'anta ba ɗaya ba ce. Mai bincike yakan ƙone tuƙarsa cikin natsuwa a zafin da bai wuce digiri 600 zuwa 700 na ma'aunin santigired ba, ya tankaɗe ta da rariya mai laushi, ya ajiye ta a busasshen wuri. A wannan zafi silikar takan kasance a sake, mai saurin haɗuwa da laim. Ita kuwa masana'anta ba toka take nema ba, tururi take nema. Inda wutar ta yi tsanani ta wuce digiri 800, silikar takan dunƙule ta koma kamar yashi, ba ta ƙara yin wani aiki sai an niƙa ta da kyau; inda kuma iska ba ta isa ba, sai a sami baƙar toka cike da gawayi, mai shan ruwa da yawa da rage ƙarfin haɗi. Ga kuma yashin gona da ke biyo raken tun daga wurin sara. Ma'aunin Amurka na fozolana, ASTM C618, wanda masu bincike a Nijeriya ma ke dogara da shi, ya nemi silika da sinadaran alminiyam da ƙarfe su kai aƙalla kashi 70 cikin 100 idan an haɗa su, abin da bai ƙone ba kuma kada ya wuce kashi 10. Tokar masana'anta sau da yawa tana cika sharaɗin farko ta faɗi a na biyu. Kuma tokar watan Disamba na iya bambanta da ta watan Afrilu a masana'anta guda.

Wani abin lura shi ne sukari kansa abokin gabar siminti ne, ɗan kaɗan daga cikinsa yana jinkirta sandarewar kwaɓi, mai yawa kuma ya hana ta. Don haka tuƙar da ba ta ƙone sarai ba, ko tokar da ruwan masana'anta mai zaƙi ya malalo a kanta, haɗari ce ga aiki. Ƙurar tokar kuma, musamman wadda ta sha wuta da yawa, tana cutar da huhu idan aka daɗe ana shaƙa, saboda haka duk wanda zai kafa wurin niƙa da tankaɗe sai ya sa kuɗin kare ma'aikata a cikin lissafinsa.

Ke nan abin sayarwa a nan ba tokar da ke jibge ba ce, tokar da aka busar, aka sake ƙonawa idan ta kama, aka niƙa, aka tankaɗe, aka gwada, aka zuba a buhu da takardar shaidar abin da ke cikinta. Kowane mataki kuɗi ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ga lissafi na misali domin a ga girman abin. A ɗauki hanya mai faɗin mita 7.3, wanda shi ne faɗin da aka saba yi wa hanyoyin tarayya, a ce za a ƙarfafa shimfiɗa mai kaurin santimita 15. Kilomita ɗaya zai ci ƙasa mai nauyin kusan tan 2,000. Idan an sa siminti kashi 6 cikin 100, tan 120 ke nan, wato buhu 2,400. A ce gwaji ya nuna za a sami ƙarfin da ake bukata da siminti kashi 4 da toka kashi 6. Simintin ya sauko zuwa buhu 1,600, an tsira da buhu 800, wanda a farashin Naira 8,000 na yarjejeniyar 2024 ya kama Naira miliyan 6.4 a kowane kilomita. Amma a madadin tan 40 na simintin da aka rage, sai an kawo tan 120 na toka. Idan aka raba Naira miliyan 6.4 gida 120, za a ga cewa muddin kuɗin saye da gyara da dakon kowane tan na toka ya wuce kimanin Naira 53,000, to ɗan kwangila gara ya tsaya a kan simintinsa. A wannan misali darajar tokar sulusin ta siminti ce, alhali dakonta ya fi tsada, domin ba ta da nauyi, mota takan cika maƙil tun ba ta ɗauki nauyin da ya kamata ba. Kaya mai arha da cin wuri ba ya jure doguwar tafiya. Kilomita kaɗan na farko riba ne, daga wani wuri kuma man gas ya cinye ta.

Wannan misali ya nuna wani abu kuma. Tan 120 na toka yana bukatar a matse rake tan 20,000, wato amfanin gona mai faɗin kimanin hekta 300. Duk wannan don kilomita ɗaya.

Daga nan tambayar ta koma kan yawan raken da Nijeriya ke matsewa da kanta, kuma amsar ba ta da daɗi. Ƙasar nan tana shan sukari fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, amma mafi yawansa ɗanyen sukari ne da ake shigowa da shi, galibi daga Burazil, a tace shi a matatun Legas da Fatakwal. Matata ba ta ganin rake ko ɗaya. An riga an matse shi a can, tuƙarsa ta ba Burazil wutar lantarki, tokarsa kuma ta zauna a can. Burazil tana matse rake sama da tan miliyan 600 a shekara, Indiya kuma tana noma sama da tan miliyan 400, shi ya sa a waɗannan ƙasashe tokar ta zama tsibi-tsibi da ake neman yadda za a yi da ita, shi ya sa kuma mafi yawan binciken daga can yake fitowa. A Nijeriya, inda ake matse rake a masana'anta wurare ne ƙalilan. Masana'antar Bacita da ke Jihar Kwara, wadda ta fara aiki a shekarar 1964, ta shafe shekaru masu yawa a durƙushe. Kamfanin Savannah da ke Numan a Jihar Adamawa, wanda aka kafa a shekarar 1971, ya koma hannun rukunin Dangote a farkon shekarun 2000 lokacin sayar da kamfanonin gwamnati. Gandun Sunti na kamfanin Flour Mills, kusa da Mokwa a Jihar Neja, Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe shi a watan Maris na 2018. Rukunin BUA kuma ya zuba jari a Lafiagi.

Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1993, ta fito da babban shirin sukari da gwamnati ta amince da shi a 2012, da nufin a kai ga samar da kusan tan miliyan 1.8 na sukari a gida cikin shekaru goma. Wa'adin ya cika ba a ko kusa ba, domin abin da ake samarwa a shekara bai kai tan 100,000 ba, sai aka ƙara wa shirin wasu shekaru goma a 2022. Tunda kimanin tan 10 na rake ne ke ba da tan ɗaya na sukari, wannan na nufin tokar da dukan masana'antun suka riƙa fitarwa a shekara ba ta wuce tan dubu kaɗan ba, wadda a lissafin da ya gabata ba za ta gyara fiye da kilomita 50 ba ko da ba a zubar da ko cokali ba. Da an cim ma burin shirin, da tokar ta haura tan 100,000, abin da zai ishi kilomita 800 zuwa 900 a kowace shekara. Makomar wannan sana'a tana hannun masu noman rake fiye da yadda take hannun injiniyoyi.

Bugu da ƙari, masana'anta ba lallai ta ɗauki tokarta a matsayin shara ba. Tana ɗauke da sinadarin fotash, kuma gandaye da yawa suna mayar da ita gona tare da dagwalon tace ruwan rake a matsayin taki. Ranar da tifofi suka fara layi a ƙofa, ranar za a sa mata farashi.

Duk da haka akwai wuri guda da al'amura suka haɗu yadda ake so, wato Numan. Gandun raken, wanda ake ba ruwa daga madatsar Kiri da ke kan kogin Gongola, a kan baƙar lakar yake zaune, ma'ana cutar da maganinta suna unguwa ɗaya. Masana'antar simintin Ashaka tana maƙwabciyar Jihar Gombe. Lokacin matse rake kuma rani ne, daidai lokacin da ʼyan kwangila ke aikin ƙasa, don haka ba sai an daɗe ana ajiyar toka ruwa yana dukanta ba. Hanyoyin cikin gandu da tirelolin rake ke bi, hanyoyin karkara na ƙananan hukumomin da ke kewaye, filayen kasuwa da tashoshin mota, da cikon ƙarƙashin daɓen azuzuwa da ɗakunan shan magani, duk ayyuka ne da ba sa neman maki 180, suna neman ƙasar da ba za ta kumbura ba ne kawai. A irin waɗannan ne tokar ta fi alkawari, kuma abokin takararta a nan ba buhun siminti ba ne, tifar jar ƙasa ce da ke zuwa daga nesa. Haka lissafin zai kasance a kewayen Sunti da Lafiagi, sai dai can jar ƙasa da yashi sun fi samuwa, don haka ribar ba za ta kai ta Numan ba.

Raken sha da na mazarƙwaila, irin wanda ake nomawa a Maƙarfi da sauran fadamun Kaduna da Kano da Neja, shi ne kaso mai yawa na raken ƙasar nan, kuma masu dafa mazarƙwaila da tuƙa suke hura wuta. Tokarsu tana nan, amma a warwatse take, murhu-murhu, gauraye da ƙasa da tokar itace. Ba ta aikin hanya ba ce. Inda za ta iya amfani shi ne wurin masu buga bulon ƙasa da injin matsi, waɗanda ke sa ɗan siminti a jar ƙasa. Mai irin wannan sana'a da ke kusa da masu dafa mazarƙwaila zai iya gwada maye wani ɓangare na simintin da tankaɗaɗɗiyar toka, muddin zai yi haƙurin barin bulon ya daɗe a jiƙe kafin ya sayar, domin fozolana ba ta gaggawa. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a shekarar 1978, ta yi aiki a kan irin waɗannan injuna, ta kuma kafa ƙananan masana'antun gwaji na fozolana a Ota da ke Jihar Ogun da Bokkos ta Jihar Filato.

Saura batun takarda, wanda a aikin gwamnati ya fi sinadari ƙarfi. Ɗan kwangila ba ya zuba abin da ba a rubuta a takardar kwangila ba, injiniyan da ke duba aiki kuma ba zai sa hannu a kan abin da ƙa'ida ba ta ambata ba, domin idan hanya ta lalace shi za a tambaya. Indiya ta fuskanci irin wannan cikas game da tokar tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal, ta kuma warware shi da doka: a shekarar 1999 ta wajabta amfani da tokar ga masu yin bulo da ke cikin kilomita 50 daga kowace tasha, daga baya aka faɗaɗa da'irar zuwa kilomita 100, sannan 300, aka kuma shigar da ayyukan hanya. Abin koyi a nan shi ne da'irar, wato an gane tun farko cewa kasuwar toka kasuwar kusa ce. Yawan tokar rake a Nijeriya bai kai a yi mata doka irin wannan ba. Abin da ya dace da girmanta shi ne ma'aikatar ayyuka ta jiha, ko masana'antar da kanta, ta ware ɗan yanki na hanya, a yi wani ɓangare da haɗin toka da laim, wani da siminti, wani da cikon jar ƙasa, a rubuta abin da kowanne ya ci, a bar tireloli su bi ta kansu.

Mafi yawan abin da aka sani game da tokar tuƙar rake a ƙasar nan daga ƙananan curi ne da aka daɓe a ɗakin gwaji aka murƙushe bayan kwana 28. Banki ba ya ba da rance a kan wannan, kuma firgi ba ta nuna halinta a cikin kwana 28. Sai ta sha ruwan Agusta ta kumbura, ta sha zafin Maris ta dare, ta sake yin haka a shekara ta biyu, sannan za a iya auna tsagar da ke kowane ɓangare na hanyar gwajin a kwatanta da kuɗin da aka kashe masa.